Daga Ƙofar Nasarawa Zuwa Kurmi: Waya, Sitiyari Da Takardar Tara

Duk wadda ta saba shiga birnin Kano da mota ta Ƙofar Nasarawa ta san tuƙi yana canja kama da zarar an wuce ƙofar. A waje titi ne mai faɗi, ga gadar sama. A ciki kuwa kowa da kowa ne a kan kwalta: mai adaidaita sahu, mai kurar ruwa, mai tallar gurasa, dattijon da ya fito daga zaure zai tsallaka masallaci, da yara masu allo a hammata. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 adaidaita ta ƙara yawa, kuma takan tsaya duk inda aka ɗaga mata hannu.

Asalin garin ne ya kawo haka. Ganuwar da ta kewaye shi an fara gina ta tun zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Waɗanda suka shata lungunan Yakasai da Soron Ɗinki da Koki sun shata su ne don ƙafa da jaki da doki. Mota baƙuwa ce da ta zo daga baya, aka fasa mata hanya a tsakanin gidaje. Shi ya sa ƙofar gida da yawa take buɗewa kai tsaye a kan titi, babu wani fili tsakanin zaure da tayar mota.

Idan kika miƙe titin gidan Sarki, za ki wuce asibitin yara na Hasiya Bayero kafin ki kai Ƙofar Kudu da Gidan Makama. A nan za ki ga iyaye mata da goyo a baya, wani yaron a hannu, suna neman tsallakawa. Ki zagaya ta Babban Masallacin Juma'a ki nufi Kurmi da la'asar, lokacin da 'yan Islamiyya ke tafiya, ki ga yadda lungu ɗaya yake amayo yara goma a lokaci guda. A irin wannan wuri ne wayar uwa take yin ƙara: maigida yana tambayar ina aka kwana a cefane, malamar makaranta na kira, ko saƙon WhatsApp ya shigo daga zauren dangi.

Ga lissafin da nake so kowace mai tuƙi ta riƙe. Motar da ke tafiyar kilomita 40 a awa tana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyar na karanta saƙo ya zama mita 55 da kika tuƙa ba ki kallon gabanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan ninki huɗu, kuma sa abin ji a kunne bai rage haɗarin da yawa ba, don hankali ne yake tafiya. Ta kuma ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ma'aikatan jinya mun san abin da wannan ke nufi. Babba idan mota ta buge shi, yawanci ƙafa ce ke karyewa. Yaro kuwa gajere ne, gaban mota a ƙirji ko a kai yake samunsa.

Saboda haka dokar hana waya yayin tuƙi tana kan gaskiya. A jadawalin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (FRSC) ta 2007, tarar wannan laifi naira 4,000 ce. Jihar Kano kuma tana da tata hukumar, KAROTA, wadda aka kafa a 2012, da nata tsarin tara. Sai dai jami'i ɗan Adam ne, yana hangen direba ta gilashi cikin cunkoso, ido kuwa yana iya kuskure. Takardar tara zargi ce, alƙali ne ke yanke hukunci, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi.

Wata maƙwabciyarmu ta yi amfani da wannan haƙƙi. Ta je sayen turaren wuta a Kurmi, waya ta yi ƙara, ta gangara gefen titi gaban wani shago, ta kashe mota ta amsa. Tana tayar da motar, wayar na hannunta ba ta kai ga jefa ta jaka ba, wani jami'in hanya ya tare ta.

"Hajiya, waya kike yi kina tuƙi."

"Yallaɓai, a tsaye na yi wayar. Ga mai shagon nan, a gabansa na faka."

Jami'in ya tsaya a kan abin da ya ce ya gani, ita ma ba ta ja da shi ba. Ta karɓi takarda, ta duba an rubuta laifin da wurin da lokacin, ta ɗauki hoton inda ta tsaya, ta adana hoton jerin kiran wayarta, ta roƙi mai shagon lambarsa. Da aka zauna gaban alƙali ta ce ba ta amsa laifin ba, mai shagon ya faɗi abin da ya gani, aka sallame ta. Ta rasa yini guda, mijinta ma ya ce da ta biya ta huta. Ita kuwa ta ce ba za ta biya kuɗin laifin da ba ta yi ba, 'ya'yanta suna kallo.

Ki lura da abin da ya cece ta. Jerin kira lokaci kawai yake nunawa, ba ya nuna ko mota na tafiya, don haka shaida da hoto ne suka cika shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira wani babba a waya ba, ba ta kuma miƙa "na goro" ba, wanda shi kansa laifi ne da ya fi na farkon girma. Idan hakan ta same ki, ki tambayi wace hukuma ce ta ba ki takardar, da inda kotunta take zama, ko ta tafi-da-gidanka ce ko ta majistare, ki kuma je da wuri da lasisinki da takardun mota. Idan kuwa kin san kin yi, ki biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ki karɓi rasiti ki ajiye.

Akwai hujjar da ba zan ba ki shawarar kai wa alƙali ba, ita ce "ai cunkoso ne a Mandawari, mota ba ta motsi." Inji na aiki, kina tsakiyar layi, ƙafarki a kan birki, ai tuƙi kike yi. A irin wannan cunkoson ne ma yara suke ratsawa tsakanin motoci, suna ganin an tsaya. Na gabanki ya matsa, na bayanki ya danna hon, ki saki birki idonki yana kan waya, shi ke nan an gama.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki mayar da ƙofar gari alama. Ko ta Nasarawa kika shigo, ko ta Ƙofar Mata, ko Kabuga, ko Na'isa, kafin ki ratsa ki sa wayar a jaka, jakar a kujerar baya. Ki faɗa wa maigida da malaman yara cewa idan ba ki ɗauka ba kina kan hanya ne, su sake kira. Idan kina da babbar 'ya a mota, ita ta amsa miki. Kiran da ba zai iya jira ba, ki nemi wurin tsayawa na gaskiya, ki kashe mota, ki gama, ki mayar da wayar jaka kafin ki murɗa makulli.

Yaran da ke fitowa daga waɗannan lungunan iyayensu sun sake su ne bisa amanar cewa masu wucewa suna kallon hanya, kamar yadda muke sakin namu kowace safiya. Allah ya tsare mana su, ya kai mu gida lafiya.