Na Ba Ka Gari: Shirya Kacici-kacicin Sallah a Damari

Duk wanda ya taɓa zaman kacici-kacici ya san dokar: idan amsa ta gagare ka, sai ka ba da gari. Mai tambaya yana iya raina garin ya ce a ƙara masa. In ya gamsu ya karɓa, sannan ya warware. A nazarce-nazarcen da na karanta lokacin digirina na biyu, layi ɗaya ake ba wannan mataki, a wuce zuwa sigar tambaya da hikimar amsa. Aikin shirya wa yaran unguwarmu wasannin Babbar Sallah a Damari, cikin Ƙaramar Hukumar Sabuwa, shi ya tsayar da ni a kansa.

Asalin wasan na dare ne, a dandali, lokacin farin wata. A yankin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara kuwa, dare ya daina zama na yara. Wanda ya ga yadda aka kwashi ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, ba zai zargi uwar da ke tattara 'ya'yanta kafin magariba ba. Saboda haka tsakanin la'asar da faɗuwar rana kawai muke da shi, kuma abin da a da yake tsirowa da kansa, yanzu sai an zauna an tsara shi.

Na manya bai ba ni wahala ba: gidan dara mai gurbi 30, kowa da 'ya'yansa 12. Ƙananan yara kuma karya-harshe ya ishe su dariya.

Zaɓen tambayoyi ne ya ci lokaci. Ƙasarmu ta auduga ce, amma tambayar da amsarta mazari ce ba ta da ma'ana ga yarinyar da ba ta taɓa ganin ana kaɗi ba. Ban jefar da irin waɗannan ba; na sa kowane rukunin yara ya ɗauki tsohuwa guda, su kuma su taimake ta a sababbin da na ƙirƙira, kamar "Yarona ba ya ƙoshi sai an ɗaure shi jikin bango", wato waya a caji. Duk wadda amsarta babur ce ko bindiga na cire ta. Ba Sallah ce ranarsu ba.

Sai batun gari. Wasu abokan shirin suka ce a sauya shi da maki, kamar gasar makaranta. Hujjarsu mai nauyi ce: cikin yaran akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukansu, kuma a inda 'yan bindiga ke ɗora wa gari haraji, "na ba ka gari" ba lafazi ne marar ƙaya ba. Duk da haka ban yarda ba. Maki lissafi ne kurum. Gari kuwa suna ne da yaro zai furta da bakinsa a gaban jama'a, kuma ta nan muka fara jin Zariya da Katsina da Kano kafin mu taka su. Sharaɗi ɗaya na ƙara: ba a karɓar gari sai an faɗi abin alherinsa uku.

Da wata yarinya ta kasa amsa, ba ta kira Funtuwa ko Kano ba, ƙauyensu da suka baro ta bayar. Yaron da ke tambaya ya bi al'ada, ya ce ya yi masa kaɗan. Kafin kowa ya sa baki, kakarta ta gyara mayafi ta shiga lissafi: rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, tsamiyar bakin masallaci, fadamar rake, gidajen da ke yin fura mai kyau, kowanne da sunan mai shi. Ta wuce uku nesa, babu wanda ya tsayar da ita. Yaron ya ce ya karɓa. Amsar tambayar dai tsintsiya ce.