Suna Linzami: Daga Shirley Temple Zuwa Zoɓon Gidanmu

 Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ni na ƙara gaskata wannan magana ta wata hanya da ba a cika kula da ita ba, wato ta wajen abin sha. Ni mutum ne mai sha'awar haɗa abin sha a gida, in baƙi sun zo in tsiyaya wannan in gauraya da wancan, kuma wannan sha'awa ce ta kai ni ga bin diddigin sunayen da Turawa ke laƙaba wa nasu.

A Amurka akwai wani haɗi da ake kira Shirley Temple. Lemon citta ne mai gas, a ɗiga masa wani jan ruwa mai zaƙi da ake kira giranadin, wanda asalinsa daga rumman ake yin sa, sa'an nan a ɗora ɗan jan 'ya'yan itace a sama. Babu giya a ciki. Mai sunan kuwa yarinya ce 'yar wasan sinima wadda ta yi tashe a shekarun 1930, har ta girma ta zama jakadiyar Amurka a Ghana daga 1974 zuwa 1976, ta rasu a 2014. Akwai kuma Roy Rogers, wato Coca-Cola da giranadin, sunan wani shahararren kaboyi mai doki Trigger, wanda ya rasu a 1998. Yau yaron da bai taɓa ganin fim ɗin ko ɗayansu ba zai shiga gidan abinci ya ambaci sunansu, a kawo masa a kofi. Mutanen sun tafi, amma kofi ya riƙe su.

To, mu ma nan Nijeriya muna da namu, wato Chapman, wanda ya yaɗu daga Ikko. Fanta ne da Sprite da giranadin, da yankan kokwamba da lemon tsami da ƙanƙara. Sai dai ina jan hankalin 'yan'uwa ga abu guda: masu haɗa shi sukan ɗiga wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura, wanda ake yi a Trinidad, kuma kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ne. Ɗigo biyu ko uku ake sawa, amma wanda ya damu da abin da ke shiga cikinsa ya kamata ya tambaya kafin ya kurɓa. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son haɗin gida, domin hannunka ne ya zuba, idonka ya gani.

Da na nemi abin da zai maye gurbin giranadin, ban je ko'ina ba, sai madafar gidanmu. Zoɓo! Ja ne, mai tsami ne, kuma ba sai an shigo da shi ta jirgin ruwa ba. Nakan tafasa gwangwani biyu na busasshen zoɓo da citta da kanumfari, in tace, in mayar wuta da sukari har ya yi kauri ya riƙa bin cokali. Cokali biyu na wannan a kofin lemo mai gas, da yankan kokwamba, wallahi ba ka neman wani Chapman. In kana son ɗan ɗaci, kankare ɓawon lemo ka jefa. Wanda tsami ya dama kuwa, iyayenmu mata sun riga mu sanin magani: 'yar kanwa kaɗan takan kashe tsamin, sai dai takan sa jan ya yi duhu, don haka a sa da hankali.

Nan ne fa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yake. Kowace tsohuwa a unguwarmu tana da nata haɗin. Zoɓon wannan da masoro, na waccan da ɓawon abarba. Kunun ayar wannan da dabino, na waccan da kwakwa. Wata kuwa tsamiyarta ba ta da na biyu. Amma duk suna ɗaya muke kiran su, zoɓo zoɓo ne, kunu kunu ne. Awon yana hannunsu, ba a rubuce yake ba, kuma ran da aka yi rashin tsohuwa, da shi take tafiya. Jikokinta sai su koma lemon kwalba, baƙo ya zo a aiki yaro kanti. Abin da ba shi da suna, da me za a kira shi in ya juya baya?

Kuma ba wai mu baƙi ba ne ga wannan dabara ta laƙabi. Ai muna da hula Zanna Bukar, muna da hula Shagari, kuma duk wanda ya zauna Kano ya san dalilin da ya sa ake ce wa keke mai ƙafa uku A Daidaita Sahu. Mun iya ɗaura tarihi a kan tufa da abin hawa, sai abin sha kaɗai muka bari tsirara.

Saboda haka na fara raɗa wa nawa suna. Zoɓo mai zafin citta da masoro, wanda ke sa mutum ya miƙe zaune, na sa masa Samanja, don tunawa da marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023. Duk wanda na miƙa wa sai ya yi dariya, ya shiga ba da labarin yadda ake cika gidan maƙwabci mai talbijin in za a fara wasan. Kafin kofi ya ƙare, yaran da ba su san shi ba sun san shi.

Shawarata ga 'yan wannan ƙungiya ita ce, in an tafi hutu kowa ya zauna kusa da kakarsa ko gwaggonsa, ya rubuta awon haɗinta, ya raɗa masa sunanta in ya ga dama. Mu da muke tattara karin magana da tatsuniyoyi, wannan ma adabi ne, sai dai shi da harshe ake ɗanɗana shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace, amin.