Shokazoba Ba Ta Ɗaukar Kaya: Darasin Da Motar Ƙungiya Ta Koya Mini



A zamanmu na ƙarshen wata, wani dattijo ya miƙe ya tambaye ni dalilin da ya sa aka fitar da kuɗin shokazoba har sau biyu a cikin shekara guda, alhali motar ƙungiya ɗaya ce tal. A ranar na amsa a taƙaice saboda magariba ta gabato. Amma tambayar ta cancanci cikakkiyar amsa, tunda kuɗin karo-karonku ne, ni kuma na sa hannu aka fitar. Kuskuren farko nawa ne, kuma gara in faɗa da bakina.

Duk kun san motar: tsohuwar Hilux mai ƙofa huɗu da muka saya ta hannu. Ita ke kai mana taki gona da damina, ita ke kwaso doya daga Agyaragu, ita ke ɗauko shinkafa daga ɓangaren Doma da Assakio. In an yi rashin lafiya cikin dare, ita ake nema. Iyayenmu sun yi irin wannan hidima da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda a da ake haɗawa a Kaduna, mu kuma zamaninmu na Hilux ne.

Tun ranar da aka kawo ta na yaba da tsayuwarta. Gaba da baya daidai suke, kamar an auna da igiyar magina. Ban san cewa wannan tsayuwar ita ce matsala ta farko ba. Da zarar an yi mata lodi, sai bayanta ya durƙusa, hancinta ya ɗaga sama. Da dare fitilunta kan bar hanya su haska rassan bishiyoyi, masu tahowa su yi ta kunna mana manyan fitilu saboda mun kashe musu ido. Direbanmu ya sha faɗa mini cewa sitiyari yana yi masa sakwaf a hannu, musamman a kwana.

A nan ne karatuna na difloma ya ruɗe ni. Na shiga intanet na ga akwai shokazoba da ake hura wa iska kamar taya, su ɗaga bayan mota. Na kawo magana gaban kwamiti, na yi bayani da ƙarfin gwiwa kamar wanda ya ƙera motar. Ma'aji ya ce a fara nuna wa makanike, ni kuma na ce ai abin a fili yake. Aka yi oda daga wajen wani ɗan kasuwa a Abuja, aka ɗaura. Muka je wajen mai faci ya hura iska, bayan mota ya miƙe, na ɗauki hoto na tura wa 'yan kwamiti ina alfahari.

Abu biyu suka biyo baya, kuma na farkon ya fi tsaya mini a rai.

Wani dare aka kira cewa mahaifiyar wani ɗan uwanmu ta faɗi a ƙauye, ana zaton ƙugunta ya karye. Na bi direba muka tafi. Da rana motar ta yi jigilar kaya, ba wanda ya tuna ya rage iskar da aka hura. Ga bayan mota fayau babu nauyi, ga shokazoba a cike tam, ga hanyar burji da ruwan sama ya zaizaye. Duk ramin da muka faɗa sai bayan motar ya yi tsalle kamar ɗan akuya. Tsohuwar nan tana kwance a kujerar baya, kanta a cinyar 'yarta, tana cewa, “'Ya'yana, ku yi mini a hankali.” Direba ya rage gudu har mai keke zai iya wuce mu, amma jijjigar ba ta daina ba. Kafin mu hau kwalta na ji kamar in sauka in goya ta. Ta samu sauƙi daga baya, amma wannan muryar ba ta bar kunnena ba.

Na biyu ya faru bayan makonni kaɗan. Muka ɗora buhu 30 na taki, za mu kai wa membobi ta hanyar Shendam. Kowane buhu kilo 50 ne, ke nan kilo 1,500, ban da mu huɗu da ke ciki. Da na ga bayan ya ɗan sauka, sai na ce a ƙara iska. Ba mu kai Assakio ba muka ji ƙara daga ƙasa kamar an fasa tukunya. Motar ta karkata gefe guda, direba ya yi ta kokawa da ita har ya samu ya tsaya a bakin hanya. Kunnen ƙarfen da ake ɗaure shokazoba a jikinsa ne ya tsage. Da a kan gangara ne, ko da wata mota na tahowa, da yanzu wani labarin ake yi.

Aka jawo ta zuwa garejin wani dattijon makanike a nan Lafia. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, sannan ya fito yana goge hannu ya ce, “Malam Sakatare, wa ya ba ku wannan shawara?” Na ce, “Baba, ni ne.” Ya yi murmushi ya ce, “To ɗana, ka bar jaki kana dukan taiki.”

Abin da ya koya mini a wannan yammaci shi nake so ku ji, domin da yawanku kuna da motocin haya ko na gona.

Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota da kayanta. A bayan Hilux sifirin ɗin falle-falle ne na ƙarfe da aka jera, a gaba kuma, a ƙirar da aka fara fitarwa daga wajen 2005, mai naɗi ne wanda shokazoba ke ratsawa ta cikinsa. Shi sifirin in ya lotsa sai ya dawo, in ya dawo sai ya sake lotsawa, ba ya son tsayawa. Aikin shokazoba shi ne ta tsayar da wannan lilo. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, sai an matsa man ya bi ta waɗannan ƙofofi, ƙarfin lilon ya koma zafi ya fita. Ya ce in na yi shakka, in taɓa shokazoba bayan tafiya a kan gargada, zan ji ta da ɗumi. Da haka taya ke zama manne da ƙasa, birki ya kama, sitiyari ya ji magana.

Sannan ya bambance mini iri uku da duk ake kira “mai saiti”, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai ɗan maɓalli a gindinta, wanda ake murɗawa a ƙara mata tauri ko laushi, kamar RS9000XL ta kamfanin Rancho na Amurka mai matakai 9. Wannan ba ta ɗaga mota ko kaɗan, yanayin tafiya kawai take canzawa. Akwai kuma ta gaba mai tsaga-tsaga a jikinta, kamar Bilstein 5100, inda ake matsar da zoben da sifirin ke zama a kai don a ɗaga hancin mota. Ta uku ita ce mai iska, irin wadda na sayo. An yi ta ne don ta ɗan tallafa wa lafiyayyen sifirin idan an ɗauki kayan da bai wuce ƙa'ida ba, kuma a rage iskar idan an sauke.

Daga nan ya nuna mini laifuffukanmu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sayar mana da motar ya sa mai tsaga-tsaga a gaba, ya ɗaga hancin don ado. Su kuwa masu ƙera a-kori-kura da gangan suke barin bayanta ya ɗara gaba tsawo, don in an yi lodi ta sauko ta daidaita. Wannan salo na daidaita gaba da baya ya fi yawa ne a wajen masu hawan irin waɗannan motoci don sha'awa, waɗanda bayan motarsu kan shekara bai ga buhu ba. Mu da muke lodi kullum, tsayuwar da na yaba ta cinye mana rarar da aka tanadar mana. Sai sifirin baya: falle ɗaya ya karye tuntuni, sauran sun miƙe sun gaji. Maimakon in canza su, sai na sa iska ta ɗauki nauyin da ya kamata su ɗauka, nauyin kuma ya koma kan kunnen shokazoba, wanda ba a yi shi don haka ba.

Na ƙarshe shi ne ya fi ba ni kunya. Ya nuna mini ɗan farantin da ke jikin motar, mai ɗauke da iyakar nauyinta. Irin wannan mota abin da take ɗauka bai wuce tan ɗaya ko ƙasa da haka ba, har da direba da fasinjoji. Mu kuwa mun ɗora mata tan ɗaya da rabi na taki, sannan muka shiga. Ya ce, “Ko shokazobar zinariya ka sa, birkin nan da tayoyin nan da gadon motar nan ba su ƙaru ba. Ka ɓoye durƙuson ne kawai, shi kuwa durƙuson gargaɗi ne.”

Kuɗi na biyu da kuka gani a littafi, ga abin da aka yi da su. An canza sifirin baya duka biyu. An yi waldar kunnen da ya tsage aka ƙarfafa shi. An mayar da zoben gaba tsagarsa ta ƙasa, aka yi saitin tayoyi, aka gyara hasken fitilu, domin duk wanda ya taɓa tsawon gaban mota dole ya yi waɗannan biyun. A baya aka sa mai maɓalli. Yanzu in za a yi lodi, direba na murɗa ta ta yi tauri don kada motar ta riƙa rangaji. In babu kaya, ko za a ɗauko mara lafiya, sai ya sassauta ta, ya kuma duba iskar taya kada ta wuce abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Na sake bin hanyar ƙauyen nan da ita. Ba zan ce ta koma kamar ƙaramar mota ba, ai sifirin mai ɗaukar tan guda ba zai yi laushin katifa ba, amma tsallen nan ya tafi.

Ga mai mota a cikinmu, akwai abubuwan da zai iya dubawa da kansa ba tare da ya kashe ko sisi ba. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, in ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, shokazobar ta gaji. Ka leƙa ka ga ko mai na tsiyaya a jikinta. Ka shafa taya, in ta cinye rami-rami, alama ce tana tsalle a kan hanya. Ka sa tef ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a dama da hagu, in gefe ɗaya ya fi sauka, sifirin za ka fara tuhuma. In za ka canza, ka canza biyu tare. Tun da aka mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafia har Makurdi tagwaye, gudu ya ƙaru, kuma motar da gabanta ya yi sakwaf ta fi haɗari a kan lafiyayyar kwalta fiye da a kan ramuka.

Kwamiti ya amince da ƙa'idoji biyu. Daga yanzu taki ko siminti ba zai wuce buhu 14 a sawu ɗaya ba, tare da direba da mutum ɗaya, ko da hakan zai sa a yi sawu biyu. Na san za a yi ƙorafin kuɗin mai, ni ma na lissafa, amma bai kai kuɗin walda da sifirin ba, balle rai. Sannan ba za a sake sayen wani ƙarfe na mota ba sai makanike ya duba ya faɗa a gaban mutum biyu. Ni kuma na roƙi a cire rabin kuɗin shokazobar farko daga alawus ɗina har ya cika, Shugaba ya amince bayan ja-in-ja.

Ina neman afuwarku, musamman iyalan mahaifiyarmu da ta sha jijjiga a daren nan. Ma'aji kuma, ka yi gaskiya tun farko. Rasidai duka suna wajena, duk mai son gani ya same ni a ofis ranar Asabar bayan la'asar.

Allah Ya tsare mana hanya.

Naku,
Sakatare