Illela: Kasuwar Iyaka Da Kayan Wankan Mai Jego

Illela ita ce gari na ƙarshe a ƙasar Sakkwato kafin a taka Jamhuriyar Nijar. Daga birnin Shehu mota kan bi ta Kware da Gwadabawa, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 80, sannan ta sauke ki a bakin iyaka. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni ɗan taƙi ne, 'yan kabu-kabu ma na kai mutum su dawo da shi. Mutanen garuruwan biyu dangin juna ne, auratayya ta ɗinke su tun kaka da kakanni. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024, amma zumunci bai yanke ba. Har yau 'yar Illela kan auri ɗan Ƙonni, in haihuwar fari ta zo ta dawo gidan iyaye wankan gida.

Ranar Lahadi kasuwa ke ci. Maza hankalinsu na wajen kara, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Nijar, ga buhunan albasa jibge, ana ciniki da naira ana yi da sefa. Amma uwar da ɗiyarta ta kusa sauka, layin tukwane da robobi take nufa, domin kwana 40 na wankan jego, safe da yamma, ba a shirya musu ranar haihuwa.

Abu uku take nema: mazubin ruwa, wurin zama, da abin tausa. Abin mamaki, uwargida, su ne dai abubuwan da masu kuɗin Turai da Amurka ke dubawa idan za su sayi bahon nan mai tsartuwar ruwan zafi da ake kira Jacuzzi. Sunan wasu 'yan Italiya ne mazauna Kalifoniya. A 1956 suka fito da ɗan famfon da ake sakawa cikin baho yana motsa ruwa, wanda asalinsa saboda wani yaronsu mai ciwon gaɓɓai aka ƙera shi. A 1968 suka yi baho mai bututun fesa ruwa a jikinsa. Shawarar da ake ba mai saye ita ce ya shiga ya zauna kafin ya biya: ƙafafunsa su taɓa ƙasa, ruwa kada ya wuce kafaɗa, feshin ya sami ƙugu da baya, kuma a iya rage ƙarfinsa.

To, mu ma haka ya kamata. Wajen mazubi, tukunyar ƙarfe ko rabin ganga ta tafasa ruwa ce kawai. A haɗa da baho mai faɗi wanda za a sirka a ciki, kuma in gangar ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, a bar ta ko da kyauta ce. Wajen zama, ki zauna a kan kujera 'yar tsugunno tun a gaban mai sayarwa. Wadda ta cika gajarta takan wahalar da mai ɗinki wajen tashi, mai rawar ƙafa kuma haɗari ce a jiƙaƙƙen banɗaki. Abin tausa kuwa, ganyen darbejiya ko na tsamiya shi ne feshinmu. A samu ɗanye mai laushi, a wanke shi, a riƙa shafawa da dannawa a baya da ƙugu, ba fyaɗa ba.

Babbar magana ita ce zafin ruwan. Su masu wancan baho ba sa yarda ya wuce digiri 40 a ma'aunin zafi, kuma suna gargaɗin mai ciki da mai ciwon zuciya. Mu kuwa wani gidan sai fata ta saɓule ake cewa jego ya yi kyau. Tun shekarun 1970 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da tsananin zafi, da kwanciya a gasasshen gado, da yawan shan kunun kanwa. Binciken baya ya nuna hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna da hannu. Don haka a gwada ruwa da gwiwar hannu. In hannun mai wanka bai jure ba, jikin da ya haihu jiya ba zai jure ba. Wadda aka yi wa aiki kuwa, sai da izinin likita.

In kin ga mai jego na haki, ƙafafu sun kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A garzaya asibiti, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Baho da kujera kasuwar Illela na sayar da su kowace Lahadi, amma auna zafin ruwa aikin uwa ne. Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da aka samu.