Injin da Ke Bin Sawun Haske

Akwai wata manhaja mai suna Blender da samarinmu masu haɗa bidiyo suka fara ambato, kuma a cikinta akwai wani inji da ake kira Cycles. Aikinsa shi ne a ba shi siffar abin da aka gina a kwamfuta, ya mayar da ita hoton da ido zai ɗauka kamara ce ta ɗauko shi. Mun ga ya dace mu ɗan tsaya a kansa, domin iyaye da dama suna zaton wasa ne yaran ke yi.

Mai zane na dā yakan shafa inuwa inda ya ga ta dace. Shi wannan injin lissafa tafiyar haske yake yi. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Hasan ibn Haisam, mutumin Basra, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske daga abubuwa yake tasowa ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke harba shi waje. Abin sha'awa, Cycles ta baya yake bin hanyar. Daga kowane ɗigon hoto yakan aika zaren haske ya fita daga kamara, ya bugi bango, ya karkata zuwa ƙasa, ya ratsa gilashi, har ya iske fitila ko rana. Lissafin yana fita daidai domin hanyar haske ɗaya ce a tafiya da komowa. James Kajiya ne ya shimfiɗa wannan dabara a Amurka a 1986.

Da wannan ne injin ke iya abin da ya fi ɗaukar hankalinmu. Yana rarrabe ƙyallin tasa da na tangaran. Yana sanin cewa fatar ɗan Adam ba ta mayar da haske kamar fentin bango, wani sashe yakan ɗan nutsa ciki ya bazu kafin ya fito, shi ya sa kunne ke yin ja idan rana na bayansa. Hayaƙi, hazo da ƙura duk yana lissafa yadda haske ke watsuwa a cikinsu. Wanda ya iya saita shi zai fitar da ƙyallin rawanin da ya sha shuni da bugu, ko hasken la'asar na lokacin hunturu, abubuwan da ba mu saba ganin an kula da su a finafinan waje ba. Yana kuma iya kama inuwar abin da aka ƙirƙira ya ɗora ta a kan titin gaske da aka ɗauka da kamara. A Tears of Steel, gajeren fim na 2012, an cusa mutum-mutumin ƙarfe a tsakiyar birnin Amsterdam.

Yadda ya zama na kowa ma labari ne. Kamfanin da ke da Blender ya durƙushe, sai wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan, ya nemi gudummawar jama'a a 2002. Cikin mako 7 aka tara Yuro 100,000, aka fanshi manhajar, aka buɗe rubutun da aka gina ta da shi ga duk mai son karantawa ko gyarawa. A idonmu wannan ya yi kama da wakafi: rijiya ce da aka haƙa, ba mai sa mata kwaɗo. Shi kuwa Cycles, Brecht Van Lommel ne ya soma shi, ya fito a Disambar 2011.

Sai dai kyautar ta tsaya ne a kan manhaja. Hoto guda mai faɗin 1920 da tsawon 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, kowane ɗigo kuma yana bukatar zaren haske ɗaruruwa, in ba haka ba hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, minti ɗaya 1,440. Idan kowane hoto ya ci minti 5, minti ɗaya na fim zai riƙe kwamfuta kwana 5 cur ba a kashe ta ba. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a unguwanninmu ya san nauyin wannan magana. An samu sauƙi daga 2021, lokacin da aka sake gina injin ya ƙara sauri, ga kuma dabarar share tsakin da ke rage jira, amma kwamfuta mai ƙarfi har yanzu kuɗi ce.

Ga inda muke ganin manya za su sa hannu. Tsofaffin zauruka na zango suna ta faɗuwa, ana maye gurbinsu da bulo. Yaron da ya iya wannan inji, in an ba shi awon zaure da bayanin dattijon da ya zauna a ciki, zai iya tsayar da shi a hoto, da hasken da ke shigowa ta ƙofa da hantsi. Kwamfuta ɗaya mai kyau a ofishin al'umma, da faifan hasken rana da batir, ta ishi yara biyar su riƙa karɓa-karɓa.