Niƙan dare ba hatsi

A garin Gabi, cikin gundumar Madarunfa, akwai wani ɗan kasuwa mai kai wake da gyaɗa Jibiya da Katsina. Sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, kayansa suka jibge a shago, masu bin sa bashi suka fara sallama. Da rana yana majalisa, ga shayi, ga goro, ga dariya. Da dare kuwa uwargidansa takan ji wata ƙara kamar ana niƙa bisa dutse. Haƙoransa ne ke gugar juna, shi ko yana barci bai sani ba.

Kunya ta hana ta faɗa masa. Da ta gaya wa surukarta, tsohuwa ta ce tsutsar ciki ce, aka jiƙa masa sassaƙe. Shekara biyu yana tashi da ciwon kai da nauyin muƙamuƙi, har ruwan randa ya soma tsira masa a haƙori. Ran nan ta daure ta ce: "Elhaji, a gafarce ni, kana cizon haƙora cikin barci."

Wani likitan haƙori a Maraɗi ya duba, ya tarar turame sun baje, na gaba sun gajarce. Ya bayyana masa cewa farin ɓawon da ke rufe haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, amma in ya cinye ba ya tofowa. Abin da ke ƙarƙashinsa ya fi taushi, shi ke jin sanyi da zafi, kuma ya fi saurin lalacewa. Damuwa, taba, da yawan shayi ko goro da maraice suna ƙara wannan cizo. Tsakuwar da ke cikin gari da abubuwa masu tsami su ma suna cin haƙori, shi ya sa shaidar wanda ya ji da kunnensa take da muhimmanci.

An yi masa wata roba daidai bakinsa wadda yake sawa in zai kwanta. Ba ta hana cizon, sai dai tana kare abin da ya rage. Ya kuma bar shayin bayan isha'i.

An fara buɗe iyakokin a watan Disamba na 2020, ya biya bashinsa sannu a hankali. Haƙorin da ya cinye kuwa bai dawo ba. Mai barci bai san abin da bakinsa ke yi ba, saboda haka wanda ya ji, ya faɗa da wuri. In kunne ya ji, jiki ya tsira.