Famfo, gishiri da lissafin awa: abin da kwamin ninkaya ya koya mini game da tankin gida

Duk mai sayar da kayan famfo a Kasuwar Umdurman ya saba da tambaya guda daga masu saye: wane inji ne ya fi ƙarfi? Da wuya ka ji wanda ya tambayi awa nawa ya kamata injin ya yi yana aiki, alhali nan ne kuɗi da lafiyar iyali suke. Ni kaina ban koyi wannan lissafi a shago ba. Na koye shi ne a gidajen masu hali na Amarat da Riyad da Kafuri, inda nake kai kaya kafin yaƙi, har masu gidajen suka riƙa ba ni kula da kwamin ninkayarsu.

Wasu daga cikin kwaman nan ba a zuba musu garin kulorin. Gishiri ake zubawa, kamar giram 3 a kowace lita, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na gishirin ruwan teku. Famfo yana tura ruwan ta cikin wani ɗan bututu mai farantan ƙarfe, wutar lantarki ta ratsa ruwan gishirin, sai kulorin ya fito ya kashe ƙwayoyin cuta. Sharaɗin kawai shi ne sai ruwa yana gudana. Famfo ya tsaya, kulorin ya tsaya.

To ga inda lissafin yake. Ka ɗauki kwami mai lita 50,000 da famfo mai tura lita 10,000 a awa. Cikin awa 5 ruwan duka ya bi ta matata, mai gida sai ya ce a kashe, an gama. Amma rana tana cinye kulorin, kuma ranar Khartoum a watan Mayu, da zafi kan haura digiri 40, ba ta wasa. In kwamin yana asarar miligiram 3 a kowace lita a yini, giram 150 ke nan. Na'urar da ke yin giram 20 a awa tana bukatar awa bakwai da rabi kafin ta mayar da abin da aka rasa. Kashe famfo a awa 5 yana nufin kullum ana cin bashi, kuma ba a jima sai ka ga ruwa ya fara kore.

Mai gida kan ce, "Malam, ai wuta za ta cinye mu." A nan famfo mai rage gudu yake da amfani. In ka rage gudunsa zuwa rabi, ruwan da yake turawa ya koma rabi, amma wutar da yake ci takan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Ko ka ninka masa awanni, abin da ka biya kusan rubu'i ne na da. Iyakar ragin ita ce kada gudun ya yi ƙasa har na'urar ta daina ganin ruwa, domin akwai wani ɗan makunni da ke yanke mata wuta in ruwa ya yi rauni, saboda iskar haidurojin da ke taruwa a ciki. Sai a nemi gudu mafi ƙanƙanta da na'urar ke kamawa, a ɗan ƙara a kai, a bar shi ya daɗe.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa masu gidajen, kwaman suka bushe ko suka zama gidan sauro. Kasuwarmu ta sha wuta da wawaso, da yawa cikinmu muka koma neman abinci a Karari. Na zaci wannan ilimi ya tafi tare da masu shi, sai da watan Mayu na 2025 ya zo. Jirage marasa matuƙa suka bugi tashoshin wuta a Umdurman, tashoshin tace ruwa suka tsaya, jama'a suka koma sayen ruwan karo, wanda jakuna ke jawowa daga bakin Nilu da rijiyoyi. Kwalara ta bazu. A mako guda na ƙarshen watan, ma'aikatar lafiya ta sanar da mutuwar mutum 172, mafi yawansu a jihar Khartoum. A layinmu ma an yi zaman makoki, har da na yara.

A lokacin ne na gane tankin da ke kan rufin gidana ƙaramin kwami ne, tambayoyinsa iri ɗaya: ruwa nawa ne a ciki, kulorin nawa yake bukata, yaushe famfo zai tashi, yaushe zai tsaya.

Na fara da moto. Kusan kowane gida a nan yana da moto da ke jan ruwa daga bututun gwamnati. In ruwan layi ya yi rauni ka bar moton yana ja da ƙarfi, ta tsagewar bututu yakan tsotso ruwan datti da ke kwance a ƙasa ya kawo maka har tanki. Saboda haka na kafa doka a gida: ba a tada moto sai an buɗe famfon ƙofa an ga ruwa yana zuwa da kansa, kuma da zarar ya fara tari a kashe. In ruwan karo ne a ganga, sai a bar shi ya kwanta, a ɗaga bakin tiyo daga gindi don kada a zuƙe laka. Ruwan Nilu a lokacin damina jawur yake zuwa, kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa. Alif yana kwantar da shi. Matan ƙauyukan bakin Nilu kuma sun daɗe suna daka 'ya'yan zogale su zuba don ruwa ya washe.

Sai batun kulorin. Na'urar kwamin ninkaya ba ta dace da tankin sha ba, domin sai ruwan duka ya zama mai gishiri take aiki. Amma akwai ƙananan na'urori da ke bin hanya ɗaya a cikin bokiti, irin WATA ta gidauniyar Antenna da ke Geneva. Ana narka gishiri giram 25 a lita ɗaya, a ba ta wuta daga sola ko batir na 'yan awanni, sai a samu ruwan kulorin mai ƙarfin giram 6 a lita. Lita ɗaya tana tsarkake lita 4,000. Tankin lita 1,000 rubu'in lita ke nan yake bukata. Ba ya daɗewa a ajiye, gara a yi amfani da shi a ranar. Wanda bai samu irin wannan ba, ƙwayoyin kulorin da ma'aikatan lafiya ke rabawa sun wadatar, a bi abin da aka rubuta a jikin takardar.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne lokaci. Ana zuba kulorin ne bayan tanki ya cika an kashe famfo, a jira minti 30 kafin a ɗiba. In an zuba da safe famfon sola yana ta ƙara sabon ruwa har la'asar, maganin ya tsarme, sai a sha ruwan da ake zaton an gyara. A lokacin annoba ana son ragowar kulorin ta kai miligiram 0.5 a lita bayan minti talatin ɗin, kuma ɗan magwajin da ke canja launi yana nuna haka. A rufe tanki sosai, saboda rana da ƙura.

Mahaifiyata ta ƙi ruwan da farko. Ta ce, "Kai, wannan ai warin asibiti yake." Na ce, "Inna, warin nan shi ne shaidar yana aiki." Maiɗakina ce ta samo mafita: a ɗebi na sha daga tanki a zuba a randa mai murfi ya kwana, da safe warin ya ragu, ruwan ya yi sanyi. Sharaɗi, moɗa ɗaya ce mai dogon hannu, ba mai tsoma kofinsa.

'Yan uwa da ke Kano ko Jidda ko Njamena kuna aiko wa iyali kuɗin inji da tanki, Allah ya saka da alheri. In kun buga waya, ku tambayi lita nawa tankin yake ci, ƙarfe nawa ake tada famfo, wa ke zuba kulorin, kuma bayan an cika ne ko kafin nan. Ku sa a rubuta amsar a manna a jikin bango kusa da makunnin, yadda ko yaro aka aika zai bi.